Darasin kwaleji tun yarinya tana sakandare: a yarda ko a dakata?

Hajiya, kin ce mai ba ɗalibai shawara a makarantar 'yarki a Amurka ya ce ta fara ɗaukar darussan kwaleji, wato na matakin jami'a, tun tana aji 11 (ajin kusa da na ƙarshe a sakandare), kina tambaya ko ki amince. Ni dai ina ganin ki amince, amma a fara da darasi ɗaya ko biyu.

Amfaninsa a fili yake. Digirin farko a can yakan buƙaci maki 120 (credits, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya kammala), darasi ɗaya kuma yawanci maki 3 ne, duk wanda ta ci yanzu yana iya rage mata kuɗi da lokaci. Wasu jihohin ma su ke biya. Jihar Minnesota tana da shirin PSEO, mai ba 'yan sakandare damar ɗaukar darussan kwaleji, tun 1985, kuɗin karatu da littattafai kyauta.

Sai dai ga inda ake tuntuɓe. Sakamakon yana shiga takardar kwalejinta ta dindindin. In ta faɗi, abin zai bi ta, har yana iya taɓa tallafin karatunta nan gaba. Malaman kwaleji kuma ba sa bin ɗalibi da tuni, ke ma ba lalle su nuna miki sakamakonta ba sai da izininta.

Ki koma wurin mai shawarar ki tambaye shi: jami'ar da take hari za ta karɓi makin? Jami'o'in gwamnati na jihar sun fi karɓa, manyan masu zaman kansu sukan ƙi. Ki kuma tambayi ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi ba tare da ya ɓata mata takarda ba.