Kuɗin gyaran titi a kan mai gida a Minnesota

Malam, ka ce hukumar birni a jihar Minnesota ta Amurka ta aiko wa ƙaninka takarda, ya biya kaso na kuɗin sake titin ƙofar gidansa, kana tsoron zamba ce. Ba zamba ba ce. Babi na 429 na dokokin jihar ya halatta haka, domin sabon titi yana ƙara wa gida daraja. Amma kuɗin kada ya wuce wannan ƙarin darajar, kuma nan ake cutar wanda bai sani ba. Ƙaninka ya duba awon fuskar filinsa, wato tsawon gefen da ke kallon titi, don sau da yawa da shi ake lissafi. In bai gamsu ba, ya miƙa ƙorafi a rubuce kafin zaman sauraron jama'a da hukumar za ta yi kan kuɗin, ko a wurin zaman; bayan an zartar da kuɗin yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu.