Fim da tukunya: amsar maigida ga yaronsa

Ka ce kana so ka ci gaba da wasan barkwancin da kuke ɗauka da waya, in ka yi suna ka buɗe naka gidan abinci a nan Maradi, kana tambaya ko biyun suna haɗuwa. Suna haɗuwa, ɗana, sai dai ba a hannun mutum ɗaya ba.

Tunda fim ne a ranka, ga Robert De Niro, ɗan wasan Amurka da aka haifa a 1943, wanda ya ci kyautar Oscar sau biyu. Da ya tashi buɗe gidan abinci mai suna Tribeca Grill a New York a 1990, bai ce shi ya iya ba, sai ya jawo Drew Nieporent, wanda sana'arsa ke nan. Ya kuma ɗanɗana girkin wani ɗan Japan, Nobu Matsuhisa, a Los Angeles, ya nemi su haɗa jari. Mutumin ya ƙi, don nasa shagon bai gama zama da gindinsa ba. De Niro ya haƙura har shekara 4, sai a 1994 suka buɗe. Sunan wa aka rubuta a ƙofa? Nobu, na mai girkin. Kuma da kasonsa ya shiga, ba albashi aka yanka masa ba.

Dalilin a fili yake. Ɗaukar fim ba ta san lokaci ba, a ce da hantsi, a kai magariba ana jiran mutum guda. Tukunya kuwa ba ta jira. In ba ka je wurin mahauta da sassafe ba, ragowa za ka kwaso. Da azahar 'yan kabu-kabu da direbobin hanyar Ɗan Isa za su cika benci, kowa na sauri, ba wanda ya zo kallon fuskarka. Wanda ya zo don ya gan ka a waya zai zo sau ɗaya ya ɗauki hoto; in miyar ta yi salam, ba ya dawowa.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da kai shi ne kunya. Ɗan wasa ba ya tafiya shi kaɗai, abokai biyar na bayansa, kowa ya ci shinkafa da wake har da nama ya ce a rubuta. Kai da ake yi wa kirari, da wane baki za ka nemi dala ɗari? Haka jari ke zurarewa, ga shago cike da mutane, ga aljihu wayam.

Saboda haka kafin ka yi zancen allon suna, ka san kwano nawa ke fita daga tiya ɗaya ta shinkafa, man gujiya nawa take sha, da abin da za ka yi da nama in wuta ta ɗauke firigo ya huce a tsakiyar bazara. Ka kuma fara lura da wanda hannunsa ya fi naka a cikin yaran nan, don da irinsa za ka raba riba.

Ranar da za ku ɗauka, ka gaya mini tun da saura kwana biyu in sa wani a murhu. Ban da Juma'a, ka san yadda wurin nan ke cika in an sauko daga masallaci.