Kafin ku saya wa Baba gilashin nan, ga abin da na gani da kaina

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce ganinsa ya yi rauni, ya daina zuwa masallaci shi kaɗai, kuma yayanku da ke Saudiyya yana so ya aiko masa da gilashin nan mai magana da kuka gani a Facebook, ko zai raba shi da ɗan jagora. Ni ma hawan jinin ido ya cinye min gefe-gefen gani, sai tsakiya kaɗai, kamar mai leƙe ta cikin bututu. A wani ƙauye nake tsakanin Ringim da Taura, kuma na ɗaura irin waɗannan na'urori a jikina na yi yawo da su.

Da farko dai, shin likita ya faɗi abin da ke damun idon? Idan yanar ido ce ta rufe shi, aiki ake yi a cire ta, mutum ya koma ganinsa, kuma ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya. Idan hawan jinin ido ne irin nawa, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma maganin ɗigawa yana tsare sauran. Ku kai shi asibitin ido na ECWA a Kano ko wanda ya fi muku kusa tun kuɗin gilashin bai fita ba.

Na'urorin kuma ba aikinsu ɗaya ba. OrCam MyEye 'yar kyamara ce da ake maƙalawa a hannun gilashi, tana karanta rubutu, ta gane fuska da takardar kuɗi, ta faɗa maka a kunne. Envision ma gilashi ne mai irin wannan aikin. Kuɗinsu dala dubbai ne, kuma ƙarfinsu a karatu yake. Masu taimakon tafiya su ne irin Sunu Band da ake ɗaurawa kamar agogo, da WeWALK da ke zama a mariƙin farar sanda. Suna harba wani sauti da kunnen mutum ba ya ji, ya bugi abin da ke gaba ya dawo, kamar yadda jemage yake yi da dare, sai na'urar ta yi maka kakkarwa a hannu.

Wani abokina ne ya kawo min ta ɗaurawa a hannu. Ba zan manta da wata asuba ba, ina hanyar masallaci, sandata na share ƙasa ba ta taɓa komai ba, sai hannuna ya ɗauki rawa. Na tsaya cak, na miƙa hannu, ashe kwanon rumfar mai shayi ne iska ta karkato da shi, bakinsa daidai goshina. Wallahi har yau in na tuna sai na yi hamdala. Reshen darbejiya, itacen da ya zarto daga amalanke, tagar ƙarfe da aka bari a buɗe, duk wannan sanda ba ta san da su ba, na'urar ce ke tsare ni.

Amma 'yar'uwa, hatsarin ƙauye a ƙasa yake. Da na fara jin daɗinta sai na yi gangancin ajiye sanda, na fita da ita kaɗai. Ban yi taku hamsin ba na afka kwatar bayan wani gida, ƙafata ta gurɗe, na yi sati uku ina sallah a zaune. Ba ta ce min komai ba, domin rami ba ya mayar da sauti yadda bango yake yi. Turken akuya, igiyar da ke kwance, kududdufi, bakin rijiyar da ba a gina ba, sanda ce kawai ke jin su. A kasuwar Gujungu kuwa kakkarwar ba ta tsayawa, jama'a ta ko'ina, sai na kashe ta. Haka da damina, in gero ya rufe hanyar gona hagu da dama. Ga caji, mu da sai an kai shagon mai sola. Ga kuma harshe: gilashin da na gwada a Kano da Turanci yake magana. Baba yana ji?

Abin da ya fi yi min amfani shi ne koyon riƙon sanda a hannun wani malami makaho. Tsawonta ya kai ƙirji, a riƙe ta a tsakiyar jiki, a riƙa kaɗa ta ta ɗan wuce faɗin kafaɗa. In ƙafar dama ta yi gaba, bakin sandar na hagu. Ku tambaya a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano ko za su haɗa ku da mai koyarwa. Na san dattawa na gudun sanda, kada a ce sun fara bara. Ni ma na yi shekara biyu ina ɓoye tawa a bayan ƙyaure, ina jiran yaro ya taso daga makaranta kafin in fita.

Tunda Baba na da sauran gani, ku shafa farar ƙasa a dokin ƙofa da bakin kwata, ku ba shi tocila mai ƙarfi don magariba da asuba, da malfa in hasken rana na kashe masa ido. Kada a riƙa sauya wa turmi da randa wuri ba a gaya masa ba. In akwai sabis a garinku, ya rataya waya a ƙirji, in ya rikice ya kira ki ta bidiyo ki zama idonsa. Manhajar Be My Eyes da aka fara a 2015 haka take aiki, kyauta, da 'yan sa kai.

In ya saba da sandar, ya yi wata biyu yana kai kansa masallaci, to yaya ya aiko da ta ɗaurawa a hannun, a koya masa ita a tsakar gida tukuna. Ki dawo ki gaya mana abin da likitan ya ce.