Kafin ki shafa wa yarinyar nan komai: amsar Gwaggo

'Yata, saƙonki ya iso, ina gaishe ki da maigidanki da yaran. Kin ce 'yarki mai shekara 12 ta yi tsawo ta rame, ga shi ta fi yayanta duhu, har matan dangi sun fara cewa a gyara ta tun da wuri. Ɗaya ta kawo man shafawa a kwalba mara suna, wata ta kawo ƙwayoyin sa cin abinci. Kin ce kuma duk ranar da suka iske yayan nata mai shekara 14 yana wanke-wanke, sai su ce za ki mayar da shi mace. Kina tambaya ko wannan al'ada ce da ta wajaba ki bi, kuma in kin ƙi ko kin yi wa manya rashin kunya.

Bari in fara da kwalbar da ƙwayoyin. Maganar al'ada tana iya kwana a tashi da ita, amma abin da ya shiga jikin yaro ba a fitar da shi da ban haƙuri.

Duhun fata daga wani sinadari yake zuwa mai suna melanin, wanda fata ke yi don ta kare kanta daga rana. Duk man da ke sa mutum ya yi haske cikin mako biyu ko uku, galibi ɗayan abu uku ne a cikinsa. Na farko maganin sitiroyid mai ƙarfi, a jikin kwali za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske na cututtukan fata, sai dai likita kan rubuta mai ƙarfin na mako biyu zuwa huɗu, a shafa a wurin ciwon kaɗai, ban da fuska, kuma ko babba ba ya wuce giram 50 a mako. Wadda ke mulke jiki da shi daga goshi har tafin ƙafa, safe da yamma, ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Fatar sai ta yi sirara har a riƙa ganin jijiyoyi, nankarwa mai faɗi ta tsattsage hammata da cinya, kuma wannan ba ta gogewa. Ƙuraje su feso, gashi ya tsiro a fuska, ƙyasbi da makero su bazu saboda an raunana garkuwar fatar. In ta ji ciwo ya daɗe bai warke ba, in tiyata ta kama ɗinki ya yi wuyar kamawa. Maganin kuma ratsa fata yake yi ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Ga yarinya mai tasowa akwai ƙari: yana iya tauye mata tsawo.

Na biyu hydroquinone. Likitocin fata na ba da shi kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari don goge tabo, na 'yan watanni, sannan a huta. In aka ɗauki shekaru ana shafawa, fatar da ake son haskakawa ita ce ke komawa baƙa mai ɗan shuɗi-shuɗi da kaushi, a kumatu da goshi da wuya, kuma maganinta na da wuya ƙwarai. Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin man gyaran fata tun 2001. Na uku zaiba, wadda ake rubutawa mercury ko calomel ko mercurous chloride. Tana lalata ƙoda, ta taɓa jijiyoyi, ta kawo rawar hannu da mantuwa. Ba ta tsayawa kan mai shafawa: tana bin tawul da zanen gado zuwa sauran mutanen gida, tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta ƙayyade kada ta wuce miligiram 1 cikin kilo ɗaya na kayan kwalliya, a 2023 kuma ƙasashe suka amince a haramta ta gaba ɗaya daga 2025. Kwalba mara suna kuwa haɗi ne, babu mai iya gaya miki me aka zuba da nawa aka zuba, har wadda ta kawo.

Ƙwayoyin ƙiba yawanci iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da atishawa, wanda yunwa da barci ke cikin illolinsa. Yarinya za ta ci abinci, ta kuma yi ta gyangyaɗi a aji. Akwai dexamethasone da prednisolone, su ma sitiroyid ne. Ƙibar da suke kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ƙeya da ciki, alhali naman damtse da cinya na zagwanyewa, ƙashi na rauni. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan, a zahiri.

Ki kula da nan. Idan an riga an fara ba ta ƙwayoyin a bayan idonki, kada ki kwashe ki zubar a rana ɗaya. Wanda ya sha sitiroyid fiye da mako uku, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin da wasu 'yan halittu a saman ƙoda ke yi. In aka yanke farat ɗaya sai kasala da amai da faɗuwar jini, abin na iya kaiwa ga rai. A hankali ake ragewa, likita ne ke tsara yadda za a yi. Man ma haka: in aka bari bayan dogon shafi, fuska ta yi ja, ta yi raɗaɗi, ta ƙara duhu na ɗan lokaci. Wannan ne ke mayar da mata ga kwalba suna cewa jikinsu ya saba, alhali lokacin ne ake bukatar haƙuri da likitan fata.

To, me ya sa ta rame? Mai yiwuwa ba komai. 'Yan mata na fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, kuma wajen 11 zuwa 12 yarinya na iya ƙara santimita 8 a shekara guda. Tsawo kan riga nama zuwa. Haila kan zo kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara, daga nan ƙugu ya buɗe, jiki ya ciko. Ki sa ido, bakunan da ke cewa ta rame yau su ne za su ce ta cika ƙiba nan da shekara uku. Maimakon awon ido, ki yi na gaske. Duk wata uku ki tsayar da ita jikin bango ba takalmi, ki ɗora littafi a kanta ki yi alama, ki auna da tef. Nauyi kuma a sikeli ɗaya, da safe, kafin ta ci abinci. Ki rubuta ki ajiye. Lissafin nauyi da tsawo na manya ba a yanke wa yaro hukunci da shi, yara na da jadawalinsu na shekaru a asibiti. Abin da zai sa ki kai ta asibiti ba surutun mutane ba ne. Shi ne nauyi yana raguwa, ko ya tsaya cik tsawon wata shida, ko yawan gajiya, ko cikin fatar ido ya yi fari, ko tarin da ya wuce mako biyu, gumin dare, yawan ƙishi da fitsari. Haka in ta fara ɓoye abinci, ko tana shigewa bayi da zarar ta gama ci. Haka in ta kai 13 ƙirji bai fara ba, ko 15 ba ta ga haila ba.

Kada ki manta da yaron. Kusan rabin yara maza ƙirjinsu kan ɗan kumbura wajen shekara 13 ko 14, yakan baje da kansa cikin wata shida zuwa shekara biyu. Ba zai gaya miki ba, tun yana rarrafe ake ce masa namiji ba ya kuka. In kin ga ya daina cire riga ko yana tafiya a rankwafe, ubansa ya kira shi gefe ya yi masa bayani.

Yanzu ga al'ada. Kalmar nan buhu ce, an zuba abubuwa da yawa a ciki. Akwai gaisuwa da zumunci da girmama na gaba, waɗannan ki riƙe da hannu biyu. Akwai kuma ra'ayin zamani da ya ari rigar al'ada. Kakannin kakanninmu ba su san clobetasol ba. Sha'awar jiki ma yawo take: wani wuri ƙiba ake yabo, wani wuri 'yan mata na kashe kansu da yunwa don su rame, wani wuri fararen fata na kwanciya a rana don su yi duhu. Allah kuwa a Suratur Rum, aya ta 22, ya lissafa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa, a Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana izgili da jifan juna da sunayen banza, ya ambaci mata a kan mata musamman.

Rabon aiki ma ki gwada shi da tambaya ɗaya: in aka sa wa aikin albashi, wa ke yi? Girki a manyan otal-otal, ɗinki, wanki da guga na kuɗi, ko'ina cike suke da maza, ba wanda ya ce sun zama mata. Kwamfutar ENIAC da aka gama a Amurka a 1945, mata shida ne suka fara tsara mata aiki, daga baya sana'ar ta yi daraja aka koma cewa ta maza ce. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata na yin awa 4 da minti 25 a rana kan aikin gida da reno ba biya, maza awa 1 da minti 23. Ga 'yarki, wannan ratar daga lokacin karatunta da barcinta ake yanko ta. An tambayi Nana A'isha me Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan na cikin Bukhari. Ban san namijin da zai ce ya fi shi mazantaka ba.

A aikace, ki rubuta ayyukan gidan duka a takarda, kowanne da mintin da yake ci, ki raba su biyu daidai, su riƙa musanya duk mako. Wurare uku ne abin ke lalacewa. Na ɗaya, a ba yarinya ayyukan kullum, a ba yaro na jefi-jefi kamar gyaran ƙofa, a ce an yi adalci. Na biyu, yaron ya wanke kwano da maiƙo, da gangan ko da rashin iyawa, ke kuma ki karɓa ki ce bari kawai in yi. Ki mayar masa ya sake, ki tsaya ki nuna masa sau ɗaya ko biyu. Na uku, kalmar "taimaka wa ƙanwarka". Da kin faɗe ta kin shaida masa aikin nata ne, shi alfarma yake yi. Ita ma ta koyi canza ƙwan fitila, riƙe guduma, lissafin kuɗi da magana da ma'aikaci in ya zo gyara. In maigidanki bai sa baki ba tsarin ba zai wuce wata guda ba, don haka da shi za ki fara zama.

Manya kuwa, ƙin bin shawara daban, rashin kunya daban. Kada ki yi musu a gaban mutane. Ki karɓi abin da aka kawo, ki yi godiya, ki kulle inda yara ba sa kaiwa. Ki kai kwalbar da ƙwayoyin wa likita ko masanin magunguna ya duba, don in kin ce an hana ya zama gaskiya kika faɗa. Daga baya ki sami mai kawowar ita kaɗai: "Inna, na gode da kulawa. Na nuna a asibiti, sun ce zai taɓa mata ƙoda da tsawo, shi ya sa na dakata." Dangin miji ki bar masa su, bakinsa ya fi naki kaifi a can. In kuma aka yi maganar a gaban yarinyar, kada ki yi shiru, don shirunki za ta ɗauka amincewa. Ki ce cikin fara'a, "Ai lafiyarta lau, Alhamdulillahi, tsawo take yi," ki canza zance.

Naki bakin ma ki tsare. Uwar da ke tsayawa gaban madubi tana kushe cikinta da launinta tana karantar da 'yarta ne ba ta sani ba. Haka wayar hannu: a 2021 wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook suka fita, inda kashi 32 cikin ɗari na 'yan matan da aka tambaya suka ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram na ƙara musu. Ki zauna da ita ku ɗauki hoto ɗaya, ku sa masa matatar da ke haskaka fuska da tsuke hanci, ku ajiye kusa da na asali, ta gani da idonta yadda ake yi.

Yau da dare ki duba hannunta a wurin haske. In bayan hannun ya fi gaɓoɓin yatsu haske, ko fuska ta fi wuya da kunne, mai yiwuwa an riga an fara shafa mata. Ki tambaye ta a hankali tun yaushe, kada ki yi mata faɗa, ki rubuta ranar, ku tafi asibiti da kwalbar a hannu.

Gwaggonki