Ɗakin Kaji a Bayan Gida: Iska Ce Kan Gaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kajin Hausa guda 10 a gidana a Funtuwa, suna kwana a tsohon akurki. Magini ya ce zai yi min ɗaki da bulo har sama, rufin kwano, da 'yar taga guda, saboda sanyi da ɓarayi. In bar shi ya yi hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki dakatar da shi tukuna. A ƙasarmu zafi da rashin iska sun fi sanyi kashe kaji. Kaza ba ta gumi, da baki take fitar da zafi. Ki leƙa rufaffen ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu, za ki tarar da su baki buɗe, fukafukai a sake, suna haki, ƙwai ya ragu. Ga kuma warin kashinsu da ke taruwa yana cin ido. Idan ke kika shiga kika ji yaji a idonki, to su da ke kwana a ciki fa?

Ki ce masa ya jera bulo layi biyu ko uku kawai, daga nan har rufi ya sa ragar waya a dogayen ɓangarorin biyu. Tsawon ɗakin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa faɗawa ciki ta raga. Kaji 10 za su wala a mita 2 tsawo da mita 1 da rabi faɗi, amma in da fili ki ƙara, domin kazar Hausa ba ta daɗewa ba ta ƙyanƙyashe ba. Rufin ya yi tsayin da za ki shiga da tsintsiya ba sai kin durƙusa ba, ya kuma zarce bango sosai saboda feshin damina. A shimfiɗa zana ko ciyawa a kan kwanon, zafin zai ragu ƙwarai. In hunturu ya kama, ki ɗinka buhuna kamar labule, sun isa: ki sake su da dare ta ɓangaren da iska ke bugowa, ki naɗe da hantsi.

Abin da nake ƙi da tsohon akurkin ƙasa shi ne tsagar bango. A nan kaskar kaji ke ɓuya da rana, ta fito da dare ta sha jini, kina ta zuba dawa kaza tana ramewa. Saboda haka a yi wa bulon shafe, ƙasan kuma daɓen siminti mai ɗan tudu, wanda zai hana gafiya da ɓera haƙowa. Ki zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako, ki kwashe duk inda ya jiƙe. Ragar ta zama mai ƙananan ido, don maciji na bin ƙwai, muzuru kuma na zura hannu ya ja ɗan tsako. Ɓarawo kuwa, ƙofa mai ƙwari da kwaɗo ce maganinsa.

A ciki a gitta sanda su hau su kwana, a ajiye kwando ko tsohuwar tukunya biyu zuwa uku a lungu mai duhu don ƙwai, da kaskon toka su yi birgima.

Sai dai Hajiya, gini ba ya hana annobar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa musamman da hunturu. Ki nemi malamin dabbobi ya yi musu rigakafi kafin sanyi ya shigo. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato na yin maganin rigakafin. Duk kazar da kika sayo a kasuwa, ki ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin sauran. Allah ya sa albarka a kiwon.