Na shuka masara mai jure tsutsa, ga ganye a huje: an cuce ni?

Tambaya: Malam, na sayi irin masara da aka ce tsutsa ba ta cinsa. Yanzu ga ganye duk huji. Mai sayar da magani ya ce in haɗa magani biyu in ninka awo. Hankalina ya tashi.

Amsa: Kwantar da hankalinka, huji a ganye bai nuna an cuce ka ba. Juriya kala biyu ce. Akwai wadda ake samu ta hanyar aurar da iri, kamar nau'i 3 da cibiyar binciken masara da alkama ta duniya, CIMMYT, ta sanar a 2020: tsutsa tana ci, amma masarar tana farfaɗowa ta ba da zangarniya. Akwai kuma masarar Bt, wadda aka sa wa sinadarin wata ƙwayar bakteriya, Bacillus thuringiensis, mai lalata hanjin tsutsa. Ita ma sai tsutsar ta ɗanɗana kafin ta mutu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar ninka awo. Kullum ita nake ji. Wanda bai taɓa leƙa gonarka ba, ya rubuta maka magani daga kan benci! Idan tsutsa ta girma ta shige zuciyar masara, ta toshe bakin da kashinta mai kama da garin katako, feshi ba ya isa gare ta sosai. Waɗanda ke mutuwa su ne tururuwa da zanzaro masu cin ƙwanta da 'ya'yanta. Kai kuma ka shaƙi guba, fatarka ta sha. Tsutsar da ta tsira ta haifi masu taurin rai, baɗi maganin ya daina aiki. Hatta Bt bai tsira ba: a Afirka ta Kudu, a 2007 aka ba da rahoton tsutsar kara ta shawo kansa, inda manoma da yawa suka ƙi ware wani ɓangaren gona don shuka masarar da ba ta Bt ba, kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

Shiga gonar da sassafe, ka buɗe zuciyar masara a wurare daban-daban. Idan sabon ganye yana fitowa lafiya, bar ta. Idan ƙananan tsutsotsi sun yawaita, kira malamin gona, a yi feshi da yamma, da awon da ke jikin kwalba, ka rufe hanci da jiki.