Tambaya da Amsa: Simlink ɗina yana karantuwa a Linux amma ya ƙi a Mac da Windows

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ina koyon rubuta furogiram ne da C, na yi wani ɗan ƙarami da yake karanta simlink ya faɗa min inda ya nufa, a Linux yana yi lafiya amma wani lokacin sai in ga wasu haruffa na shirme a ƙarshen sunan fayil ɗin, a Windows kuwa ko tashi bai yi ba. Sannan na ba abokina wani skirif da na sa readlink -f a ciki, tsohuwar Mac ɗinsa ta ce ba ta san -f ba. Don Allah akwai hanya ɗaya da za ta yi ko'ina? Daga ɗalibinku mai koyon kwamfuta.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Kafin komai sai ka raba tambayarka gida biyu, domin yawancin wahalar nan daga cakuɗa su take. Kana son sanin abin da aka rubuta a cikin simlink ɗin ne, ko kana son sanin inda zai kai ka a ƙarshe? Simlink ɗan fayil ne da babu komai a cikinsa sai adireshin wani fayil, kuma wancan ɗin ma zai iya zama simlink. Na farko aikin readlink() ne, na biyu aikin realpath().

Toh haruffan shirmen nan da kake gani, ba Linux ce ta lalace ba. readlink() tun zamanin 4.2BSD a 1983 haka yake, yana zuba maka adireshin a gurbin da ka ba shi amma baya sa sifilin nan na ƙarshe da C ke gane ƙarshen rubutu da shi, sai dai ya dawo maka da adadin baiti nawa ya rubuta, kai ne za ka sa sifilin da hannunka. Ranar da ka ga ya yi lafiya sa'a ce kawai, gurbin ne ya zo da sifili a ciki. Abin da ya fi damuna ma shi ne idan gurbin ya yi kaɗan, baya ƙorafi ko kaɗan, sai ya datse adireshin ya yi shiru, furogiram ɗinka ya tafi buɗe fayil ɗin da ba shi ba.

Wasu za su ce ka yi gurbi mai girman PATH_MAX, wato iyakar tsawon adireshi da tsarin ya ayyana, shikenan. Ni ban yarda da wannan ba gaskiya, don a Linux 4096 ne, a macOS 1024, a GNU Hurd kuwa babu shi kwata-kwata. Wasu kuma su ce ka tambayi lstat() tsawon tukuna, shi ma yana da rami, simlink ɗin da ke cikin /proc a Linux da yawansu sifili suke nunawa a matsayin tsawo, ga shi kuma wani zai iya canza simlink ɗin tsakanin tambayarka da karantawarka. Abin da nake yi shi ne in fara da gurbi ɗan daidai, misali 256, in kira readlink(), in abin da ya dawo ya cika gurbin taf sai in ninka girman in sake kira, har sai ya dawo da abin da bai kai girman gurbin ba, sannan in sa sifili. Layi goma ne ko ƙasa da haka kuma zai yi maka a Linux da Mac da BSD duka.

Ka kuma kula, in adireshin da ka karanto bai fara da / ba, ana lissafa shi ne daga foldar da simlink ɗin yake zaune, ba daga foldar da kake tsaye ba. Nan mutane da yawa ke faɗuwa.

Maganar Mac ɗin abokinka mai sauƙi ce, -f ɗin nan akwai shi a readlink na GNU da ke zuwa da Linux, amma Apple bai sa shi ba sai a macOS 12.3 a 2022. Ko ya sabunta, ko ya sa coreutils, wato tarin kayan aikin GNU, ya yi amfani da greadlink da ke cikinsa.

Windows kam wata duniya ce. Babu readlink() a can. Simlink ya shigo ne da Windows Vista, kuma a NTFS, tsarin ajiye fayil na Windows, ana ajiye shi ne a matsayin wata alama ta musamman a jikin fayil, sai ka buɗe da CreateFile tare da FILE_FLAG_OPEN_REPARSE_POINT don kada ta bi shi ta wuce, sannan ka kira DeviceIoControl da FSCTL_GET_REPARSE_POINT ka tsinto adireshin daga abin da ya dawo. In kuma ƙarshen hanya kawai kake so, GetFinalPathNameByHandle ya wadatar, sai dai zai zo maka da \\?\ a gaba. Kada ka ɗauka fayil ɗin .lnk da ke kan destof simlink ne, ba shi ba ne sam, fayil ne na gama-gari da Explorer ke fassarawa. Filashin da ke kan FAT32 ko exFAT kuma ba ya ɗaukar simlink ma gaba ɗaya.

Shawarata, in ba dole sai da C tsantsa ba, ka bar wa waɗanda suka riga suka sha wannan wahalar. C++17 yana da std::filesystem::read_symlink, Python yana da os.readlink da ke aiki a Windows tun 3.2, a 3.8 aka ƙara masa karanta janshin (junction, wani ɗan'uwan simlink na Windows mai nuna folda). In kuma C ɗin kake son ƙwarewa a kai, wanda ina goyon baya, ka rubuta aiki ɗaya mai suna ɗaya, ɓangaren POSIX (wato Linux da Mac da BSD) daban na Windows daban a ƙarƙashin #ifdef _WIN32. Ka gwada shi da simlink mai dogon adireshi, da wanda fayil ɗinsa ya ɓace, da guda biyu masu nuna juna, ka ga ko realpath() zai ba ka ELOOP, kuskuren da ke nuna simlink na ta zagaye, kamar yadda ya kamata. In ka gama ka turo mana mu duba tare.